Gashin furoton da dajin hanta: wa zai amfana da shi, wa kuma ba zai amfana ba?

Shin gaskiya ne akwai wani inji a ƙasashen waje da ke ƙone dajin hanta ba tare da an tsaga cikin mutum ba, ba kuma tare da ya taɓa sauran jiki ba? Idan akwai shi, me ya hana a kawo shi Katsina? Kuma ya dace iyali su sayar da gona ko fili su kai majiyyacinsu Indiya don a yi masa? Waɗannan tambayoyi sun yawaita a bakin jama'a, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a shekarar 2025, mutane suka fara jin maganar gashi, wato ƙona daji da haske mai ƙarfi, a kusa da su.

Injin dai akwai shi, sunan aikin gashin furoton, kuma yana aiki. Sai dai ba kowane mai dajin hanta ne zai amfana da shi ba, kuma akasarin waɗanda ake kawowa asibitocinmu sun riga sun wuce matakin da zai yi musu amfani.

Wane daji ake nufi?

Ana yawan haɗa abubuwa uku a kira su ciwon hanta. Akwai cutar hanta nau'in B da nau'in C, waɗanda ƙwayoyin cuta ne masu zama a jini su riƙa cin hanta a hankali. Akwai taurin hanta, wato bayan shekaru ana yi mata rauni tana warkewa, sai tabo ya mamaye ta, ta motse ta yi tauri, aikinta ya ragu. Sannan akwai daji, ƙari ne da ke tsirowa yana girma ba tsayawa. Sau da yawa jere suke zuwa: cutar B tun yarinta, taurin hanta bayan shekaru ashirin ko talatin, daji a kan taurin. Mai cutar B ma yana iya kamuwa da dajin ko hantarsa ba ta yi tauri ba.

Shi kansa dajin kashi biyu ne. Wani a hanta ya tsiro, wani kuma daga hanji ko nono ko huhu ya taso jini ya kawo shi. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda muke magana a kai shi ne na farko, mai tasowa daga ƙwayoyin hantar kanta. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mutum sama da 860,000 ne suka kamu da dajin hanta a duniya, sama da 750,000 kuma suka rasu. Kusancin waɗannan lambobi biyu ya isa ya nuna irin zafin ciwon.

Abin da ya sa likitoci suka daɗe suna tsoron gasa hanta

Gashin da aka saba yi, irin wanda ake yi a Shika da Sakkwato da Abuja, da hasken eksire mai ƙarfin gaske ake yin sa. Hasken yana shiga ta fata, ya ratsa nama, ya bi ta kan ƙarin, ya fita ta ɗaya gefen jikin. Duk inda ya bi yana barin ɓarna, kuma mafi yawan ƙarfinsa yana zubewa ne kusa da inda ya shiga. Dabarar likitoci ita ce su harba shi ta kusurwoyi da yawa, duka su haɗu a kan ƙarin, ta yadda ƙarin zai sha mai yawa, naman da ke kewaye ya sha kaɗan-kaɗan.

Matsalar ita ce hanta ba ta jure ko da wannan kaɗan ɗin idan ya game ta. Adadin hasken da zai kashe dajin hanta ya ninka abin da hanta gaba ɗayanta za ta iya ɗauka. Idan aka wuce iyaka, bayan makonni ko 'yan watanni ciki ya tara ruwa, ido ya yi rawaya, hanta ta gaza. Ga shi kuma mai wannan daji galibi hantarsa dama a raunane take. Sai ya zama ana iya kashe ƙarin a rasa majiyyacin. Wannan ne ya sa aka shafe shekaru masu yawa gashi ba ya cikin manyan magungunan dajin hanta.

Yadda furoton ya bambanta

Furoton wani ɗan mitsitsin abu ne da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Daga iskar haidurojin ake ciro shi, a saka shi cikin wani inji mai manyan maganaɗisu da ke juya shi yana ƙara masa gudu, har ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na gudun haske, sannan a saita shi zuwa jikin majiyyaci.

Da yake yana da nauyi, ba kamar eksire ba, tafiyarsa a cikin nama tana da iyaka. Yana shiga da gudu yana zubar da ƙarfi kaɗan, yana rage gudu, sai daf da inda zai tsaya ya juye kusan duk ƙarfinsa a wuri guda. Bayan nan babu komai. Eksire kamar ɗan dako ne da ya ɗauko buhu mai huda, yana zubar da hatsi tun daga bakin kasuwa, ya zo ƙofar gidanka ya zubar da wani, ya wuce yana ci gaba da zubarwa. Furoton kuwa yana riƙe mafi yawan kayan har ƙofar gidan, ya sauke, ya tsaya. Zurfin da zai kai ya danganta da gudun da aka ba shi, don haka likita na iya zaɓar ya tsaya a santimita 8 ko 15, har zuwa wajen 30.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. William Henry Bragg ne ya gano wannan hali na ƙwayoyi masu nauyi a farkon ƙarni na 20 yana Adelaide ta Ostareliya. A 1946 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Robert Wilson, ya kawo shawarar a yi amfani da shi wajen magani. An fara gwada shi a kan majiyyata a Berkeley a 1954, cikin ɗakin binciken kimiyya, kuma sai a 1990 aka buɗe babbar cibiya ta farko a cikin asibiti, a Loma Linda ta jihar Kalifoniya. Game da hanta kuwa, Japanawa ne suka yi gaba. Jami'ar Tsukuba ta fara gasa dajin hanta da furoton tun shekarun 1980, saboda ciwon ya yi musu yawa a lokacin, kuma tsare-tsarensu ne cibiyoyi da dama suke bi har yau.

Majiyyaci ba ya jin komai lokacin gashin. Yana kwanciya ne a kan gado na wasu mintuna, ya tashi ya tafi masauki, ya dawo washegari. A tsarin Tsukuba, ƙarin da ke can gefen hanta nesa da hanji zama 10 ake yi masa. Wanda ke kusa da manyan jijiyoyi da bututun ɗaci ana raba shi zama 22, na kusa da hanji kuma ya fi haka, don a sassauta wa hanjin.

Me bincike ya tabbatar?

A nan ya kamata a natsu, domin a nan masu tallar asibitocin waje suke ƙara gishiri.

An tabbatar cewa ƙarin da aka gasa da furoton yawanci ba ya sake tashi a inda yake. Wani bincike da cibiyoyi da dama suka yi tare a Amurka, aka wallafa a 2016, ya samu cewa bayan shekara biyu, sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan ƙari ba su sake girma ba, alhali majiyyatan waɗanda ba a iya yi wa tiyata ne.

A Koriya ta Kudu, Cibiyar Daji ta Ƙasa ta raba majiyyata 144 gida biyu, dukkansu masu ƙananan ƙari da ba su kai santimita 3 ba, waɗanda suka dawo bayan an yi magani. Rabi aka yi musu furoton, rabi aka soka allura ta fata aka ƙone ƙarin da zafi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna furoton bai gaza ƙonawa da allura ba. A Loma Linda kuma an gwada shi da hanyar nan ta zura siririn bututu ta jijiyar cinya a kai magani har ƙarin a toshe masa jini. Furoton ya fi riƙe ƙarin, majiyyata kuma sun fi ƙarancin kwana a asibiti, amma tsawon ran da ɓangarorin biyu suka yi bai bambanta ba.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi. Kashe ƙari ɗaya daban, raba mutum da ciwon daban. Hantar da ta haifi ƙarin farko tana nan da taurinta da ƙwayar cutarta, kuma sau da yawa wani sabo yana fitowa a wani ɓangarenta. Haka yake bayan tiyata, haka yake bayan furoton.

Akwai kuma saɓani tsakanin masana kansu. Gashin eksire na zamani ya ci gaba ƙwarai. Yanzu ana iya saita shi daidai a kan ƙaramin ƙari a gama cikin zama uku zuwa biyar, da sakamako mai kyau. Masu wannan ra'ayi suna cewa ga ƙaramin ƙari babu dalilin biyan kuɗin furoton. Masu goyon bayan furoton kuma suna cewa idan ƙarin ya yi girma, ko hantar da ta rage kaɗan ce, to kowane yanki da aka tsirar yana iya zama bambanci tsakanin rayuwa da gazawar hanta. A ganina kowanne yana da gaskiya a inda ya tsaya. Amurkawa sun shirya babban gwaji mai suna NRG-GI003 don a auna hanyoyin biyu kai tsaye, wanda ke nuna su ma ba su ɗauki maganar a matsayin wadda aka gama ba.

Wanda ya dace da shi

Furoton magani ne na wuri guda. Abin da aka saita shi kawai yake kashewa. Saboda haka wanda zai amfana shi ne mai ƙari ɗaya ko 'yan kaɗan, duk a cikin hanta, ba su tsallaka huhu ko ƙashi ba, kuma hantarsa tana da sauran ƙarfi. Ya fi nuna fifikonsa idan ƙarin ya fi ƙarfin allura, ko yana manne da babbar jijiya inda tiyata ke da haɗari, ko ya kutsa cikin jijiyar da ke kawo jini daga hanji, ko majiyyacin dattijo ne da ba zai jure wa wuƙa ba.

Likitoci suna auna ƙarfin hanta da wani ma'auni mai suna Child-Pugh, mai daraja uku: A da B da C. Suna duba ruwan ciki, da rawayar ido, da daskarewar jini, da wani sinadari da hanta ke sarrafawa, da ko hankali ya fara gushewa. Mai daraja A shi ne ya fi dacewa. Wasu daga cikin masu B ana karɓarsu da taka-tsantsan. Mai C, wanda cikinsa ya cika da ruwa, idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa suka kumbura, gashi kowane iri ne ba zai gyara masa hanta ba, yana ma iya gaggauta gazawarta.

Shi ma furoton yana da nasa haɗarin. Hanta tana motsi da numfashi, tana sauka tana hawa santimita ɗaya ko biyu ko fiye. Tunda furoton a wuri guda yake juye ƙarfinsa, ƙaramin kuskure na iya sa ya sauke a kan lafiyayyen nama ya bar gefen ƙarin. Don haka ake koya wa majiyyaci riƙe numfashi, ko a sa injin ya riƙa harbawa a daidai wani lokaci na numfashin, wani lokaci har a dasa 'yan ƙananan alamomin ƙarfe kusa da ƙarin. Idan ƙarin na jingine da tumbi ko hanji, ana iya samun gyambo da zubar jini. Fata tana iya ƙonewa, haƙarƙari yana iya tsagewa daga baya. Duk wanda ya ce maka ba shi da illa ko kaɗan, bai faɗa maka gaskiya ba.

Ina injin yake, kuma me ya sa babu shi a nan?

Babu cibiyar furoton a Najeriya. Afirka ta Kudu ta taɓa yi a cibiyar iThemba kusa da Cape Town tun 1993, amma ta daina. Mafi yawan cibiyoyin suna Amurka da Japan da Turai da Sin. Ingila ma, da duk arzikinta, sai a 2018 ta buɗe babbar cibiyarta ta gwamnati a Manchester, ta biyu kuma a Landan a 2021. A Indiya, inda mutanenmu suka fi zuwa, asibitin Apollo ya buɗe tasa a Chennai a 2019.

Dalilin ƙarancin kuɗi ne. Babbar cibiya mai ɗakuna da yawa tana cin sama da dala miliyan 100, ƙaramar mai ɗaki ɗaya ma dala miliyan gommai ce. Ƙarfen da ke juyawa kewaye da majiyyaci kaɗai yana iya kai tan 100. Ana buƙatar bango mai kaurin mitoci, da wutar lantarki da ba ta ƙiftawa, da injiniyoyi da masana kimiyyar haske da ke zaune kullum. Kuɗin cibiya ɗaya zai sayi injinan gashi na eksire masu yawa, waɗanda za su yi wa dubban mata masu dajin mahaifa da na nono aiki. Ƙasar da majiyyata ke jiran layi makonni saboda inji ya lalace, ban ga hujjar da za ta sa ta fara da furoton ba. Wanda kuma zai fita waje, kuɗin maganin kaɗai dubban daloli ne masu yawa, ban da jirgi da masauki da abincin mai jinya na wata ɗaya ko biyu.

Inda matsalarmu take

Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bayanan majiyyata daga asibitocin koyarwa na ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya, ya nuna abin da duk ma'aikacin asibiti a nan ya sani. In aka cire Masar, matsakaicin shekarun mai dajin hanta 46 ne, rabin majiyyatan ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon, kuma waɗanda suka samu maganin dajin kansa ba su fi kashi 3 cikin 100 ba. Magidanta ne masu ƙananan yara. Suna zuwa ne bayan ciki ya kumbura, an sha jiƙe-jiƙen shawara wata da watanni, wasu ma an yi ta neman maganin sammu. Hanta ba ta kuka da wuri, kuma ranar da ta fara ciwo galibi ƙarin ya riga ya yi nisa.

Abu biyu ne ke haifar mana da wannan. Na farko cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, kuma akasarinsu ba su sani ba. A yankinmu yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukarta, daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta aska da kayan kaciya da na cire beli da ƙaho idan ba a tsabtace su ba. Jaririn da ya kamu, kashi 90 cikin 100 cutar za ta zauna masa har girma. Babba kuwa in ya kamu, yawanci jikinsa yana korar ta.

Na biyu yana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a ƙasa, ko suka sha danshi a ajiya, suna yin hunhuna mai fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar nan ta ware kyakkyawar gyaɗa a kai kasuwar Mai'aduwa ko Charanci, a bar lalatacciya da mai baƙi-baƙi a gida a yi ƙuli-ƙuli da miya, ko a sayar da ita da araha ga masu tuya. Haka masarar Funtuwa da Dandume idan ruwan ƙarshen damina ya same ta. Mai cutar B da ke cin wannan guba, haɗarinsa yana ninkuwa sau da yawa fiye da mai ɗaya daga cikinsu. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure don ya rage gubar, sai dai shanya a kan tamfol da tsince ruɓaɓɓu kowa na iya yi.

Rigakafin cutar B yana cikin alluran yara na ƙasa tun 2004, kyauta ne. Amma allurar farko tana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kuma a nan muke faɗuwa, saboda haihuwar gida ta yi yawa, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma dajin hanta ya ragu a yaransu ƙwarai.

Wanda gwaji ya nuna yana da cutar, akwai ƙwayoyi irin su tenofobir da ke danne ta su rage haɗarin daji, idan likita ya ga ya cancanta. Sannan a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida, har da gwajin jini. Wannan hoton, da ake yi a Katsina da Daura da Funtuwa, shi ne ke kama ƙari yana santimita biyu, lokacin da tiyata da allura da furoton duk suke da amfani.

Kafin a sa hannu a takardar sayar da gona

Idan an riga an ce ɗan'uwanka yana da dajin hanta, ka zauna da likitan da ke duba shi ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, ƙarin guda nawa ne, kuma girmansa nawa? Ya fita daga hanta? Hantar Baba tana A ne ko B ko C? Abin da za a yi a waje na warkarwa ne ko na sassautawa?" Amsoshin nan huɗu za su nuna maka ko tafiyar tana da ma'ana. Ana buƙatar hoton CT ko MRI da aka yi da allurar rini, hoton ciki na yau da kullum bai isa a yanke wannan hukunci ba.

Kada a biya dillali ko sisi kafin an tura hotunan da sakamakon jini zuwa cibiyar da za a je, likitan gashi na can ya duba ya rubuto cewa majiyyacin ya dace, da adadin zaman da za a yi da jimillar kuɗin. Cibiyar kirki tana mayar da mutane da yawa tun a wannan mataki. A kuma tambaya ko tiyata, ko ƙonawa da allura, ko gashin eksire na zamani za su yi aiki iri ɗaya da kuɗi kaɗan. Idan ciwon ya bazu, magungunan sha da na ƙarin ruwa ne abin dubawa, irin su sorafenib da haɗin atezolizumab da bebasizumab, waɗanda ke ƙara watanni amma ba sa warkarwa, kuma suna da tsada.

Idan kuma likita ya ce hanta ta gaza, akwai sauran aiki da yawa da za a yi wa majiyyaci a gida da asibiti: a zuƙe ruwan ciki ya samu numfashi, a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin ba tare da jin tsoro ba, a kula da abincinsa, a daina ɗura masa jiƙe-jiƙen da ke ƙara wa hanta nauyi. A wannan makon kuma matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suke uwa ɗaya da shi su je a gwada jininsu. Wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Wanda yake da ita a buɗe masa kati a asibiti, a sa masa ranar hoton farko.